Kunnen Salatif

Duk wanda ya buɗe mota a Rano ya tarar da haɗin waya an naɗe shi da baƙin salatif, an ninke ƙarshensa ya yi ɗan kunne, to aikina ne. Tun ina koyon sana'a na saba da haka. In na gama naɗi sai in ninke bakin salatif ɗin, don wanda zai kwance gobe ya sami abin kamawa, ba sai ya yi ta kankara da farce ba. Sauran masu wayarin sukan yi mini dariya, wai ina yi wa waya kwalliya. Ni kuwa ko a jikina. Aikin da ba na jin kunyarsa, me zai hana in sa masa alama?

Na haura shekara ashirin ina gyaran wutar mota a wata rumfa kusa da tasha, kuma ba yabon kai ba, na iya. Direbobi sukan zo mini da magana iri-iri: wai mota tana da iskoki, wai an yi mata baki, wai ba ta son ranar Laraba. Sai in bar su su gama, sannan in ɗauko kwan fitilar da nake gwada wuta da shi. Wutar mota ba ta da wani asiri. Daga batir take fitowa, ta ratsa fiyus, ta bi waya ta je ta yi aikin da aka aike ta, sannan ta dawo gida ta jikin ƙarfen motar. In waya ta ɓare a hanya ta taɓa ƙarfe, wuta ta sami gajeriyar hanya ke nan, shi muke kira shot. A nan ne fiyus yake ƙonewa, don kada sauran wayoyin su kama. Saboda haka babu abin da ke tayar mini da rai kamar direban da fiyus zai ƙone masa, ya sami zaren tagulla ya ɗaure gurbin ya ci gaba da tafiya. Irin wannan na sha korarsa daga rumfata da ashar ɗin da ba zan rubuta a nan ba.

Ina da wani taubashi, ɗan gwaggona, direban akori-kura. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake kiransa. In na ce masa, “Kai bawa, zo ka ɗauki takalmina,” sai ya ce, “Ubangidan da ko akuya ba shi da ita!” Haka muke har furfura ta fara fito mana. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gudu a hanya, ba ya tauna goro a cikin mota. Motar ba tasa ba ce, ta wata Hajiya ce mai fataucin hatsi, wadda tun rasuwar mijinta ta riƙe harkar da hannunta. Takan sayi masara da dawa da waken suya a Kibiya da Rurum da ƙauyukan da ke kewaye, a tara mata a shagonta na Rano, daga nan a wuce da su Kano. Shekara goma sha ɗaya bawana yana ja mata wannan mota, kuma gidansa kaf, har da gwaggo da ta tsufa a hannunsa, da wannan makullin ake ci.

A farkon kakar wata shekara motar ta ɓullo da wani hali. Tana cikin tafiya da kaya sai ta mutu ɗif, in an duba a ga fiyus ɗin layin makulli ya ƙone. Ya sa wani, ta tashi, a yi ɗan nisa, ta sake. In nasa sun ƙare sai a nemo wata mota a juye kayan, don Hajiya ba ta yarda hatsinta ya yini a bakin hanya. Daga nan ya share bayan motar tas, ya aro fiyus, ya kawo mini ita.

Zuwan farko na goge kan batir, na ɗaure duk abin da ya yi sako-sako, na ce ya tafi. Zuwa na biyu na canza gidan makullin ɗungurungum. Zuwa na uku na kwance gaban motar, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na jijjiga, na ja, na murɗa. Na tayar da ita ta yi awa guda tana aiki a gaban rumfata, ko tari ba ta yi ba. Na ce masa, “Bawa, motar nan ta fi ka lafiya. Ko dai hannunka ne yake da ƙaiƙayi?” Ya yi dariya ya ja abarsa.

A karo na huɗu abin ya ɓaci. Yana dawowa daga Kibiya da masara, hadarin ƙarshen damina ya taso, motar ta mutu a inda babu ko bukka, kuma tamfol ɗinsa ya yage. Fiyus ya ƙare masa. Ya dubi sama, ya dubi buhunan Hajiya, ya yi abin da ya san na tsana: ya ɗaure gurbin da zaren tagulla. Bai yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari. Ya fito da gudu ya fizge kan batir da hannunsa tsirara, ƙarfen ya yi zafi, ya ƙone masa tafin hannun dama. Motar ta tsira, masarar ta sha ruwa.

Washegari aka jawo motar rumfata, Hajiya kuma ta biyo ta da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutanen tasha suka taru, kamar yadda suka saba in sun ji ƙamshin rigima. Ta tsaya ta gyara mayafinta ta ce, “Malam, kai ne masanin abin nan. Ka gaya mini tsakaninka da Allah. Motar ce, ko direban?”

A lokacin fiyus ɗin da aka ɗaure yana hannuna, raina kuma ya gama ɓaci. Na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, na ce, “Hajiya, sau uku ina bin motarki waya-waya, lafiyarta ƙalau. Ga ciwon nan. Wanda zai yi wannan, Allah kaɗai Ya san abin da yake taɓawa in ba na nan.”

Ta gyaɗa kai. Ta juya wajen bawana, da ke tsaye a gefe, ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, “Kasuwar Kibiya mai zuwa ka ɗauko mini kaya, don ban shirya wani ba tukuna. In ka sauke, ka kawo mini makullina.”

Da mutane suka watse ya rage daga ni sai shi. Na ce, “To bawa, ka ga abin da taurin kai ya jawo maka.” Ina jiran ya ambaci akuyar nan tasa, bai ambata ba. Yana zaune a kan benci, ya ɗora hannun da aka naɗe da tsumma a kan gwiwarsa. Can ya ce, “Ɗan kawu, ɗaurin fiyus laifina ne, na karɓa. Amma kafin in ɗaure, me ya ƙona na farkon?”

Na ba shi wata amsa ta borin kunya, ya tashi ya tafi. Amma tambayar ta zauna mini. Kwana biyu ina canza wayoyin da suka narke, ina jin ta a kunnena. Fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi, ni na fi kowa faɗin haka. A rana ta biyun, ina zaune ina kallon bayan motar da ya share ƙal, sai abin ya faɗo mini: ban taɓa ganinta da kaya ba. A hanya da kaya take mutuwa, ni kuma kullum wayam ake kawo mini ita, don babu mai kai mota gareji da lodi a kanta. Na ce a raina, nauyi ne. In an danne ta, bodi yana sauka ya matse wata waya. Har na ji daɗin kaina da na gano haka.

Ranar kasuwa na rufe rumfa na shiga gaban mota kusa da bawana. Ya dube ni ya ce, “Ina zuwa?” Na ce, “Ja mu je, bawa ba ya tambayar ubangidansa.” Bai yi dariya ba, amma ya ja.

Da muka isa Kibiya hantsi ya ɗaga, ya juya motar ya ba rumfar hatsi baya. Na yi dabarar da na fi yarda da ita a duk sana'ar nan. Na cire fiyus ɗin, na sa kwan fitila a gurbinsa da doguwar waya, na rataye kwan a jikin madubin ƙofa inda zan riƙa ganinsa, na murɗa makulli ba tare da na tayar da inji ba. In layi lafiya yake, kwan zai yi ja-ja kawai kamar garwashi. In akwai shot, wuta za ta kwararo ta cikinsa ya haska fari tas, kuma babu abin da zai ƙone. Kwan ya yi ja-ja, na sami inuwa na tsuguna.

Shugaban masu lodin wani dattijo ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa duk kanta saboda ɗaukar buhu. Ya dubi kwan ya dube ni ya ce, “Malam, da rana tsaka ake kunna fitila a Rano?”

Na ce, “Baba, ku dai ku loda. Ɓarawo nake dako.”

Suka fara jera buhuna. Ina kallon motar tana sauka a hankali, ina kallon kwan. Layin farko ya cika, na biyu ya cika, aka hau na uku. Kwan bai ko ƙifta ba. Da suka gama na sa majiya ƙarfi huɗu suka hau saman kayan suka yi ta tsalle, har masu awo suka bar mudu suna kallonmu. Babu abin da ya canza. Gaskiya a lokacin zuciyata ta rabu biyu: ina jin haushin dabarata ta faɗi a gaban jama'a, ina kuma jin wani ɗan sanyi mara kyau cewa ashe dai maganata ta farko ce daidai, direban ne. Na miƙe zan kwance kwan.

Dattijon ya ce, “To mu dai mu gama namu,” ya wurga igiya ta haye kayan. Masu lodin nan suna da yadda suke ɗauri. A ƙarƙashin gefen motar akwai ƙugiyoyin ƙarfe a jere. Sai mutum ya zagaya igiyar a bayan ƙugiya, ya kafa ƙafa ɗaya a jikin taya, ya kwanta da baya da dukkan nauyinsa, ɗan uwansa a sama yana tattaro rarar, har sai igiyar ta yi tauri ana iya kaɗa ta ta yi ƙara. Ya ɗaure ta farko, ya ɗaure ta biyu. Hannuna yana kan kwan lokacin da ya kafa ƙafa ya fizgi ta uku, sai fari ya walƙa mini a ido.

Na daka tsawa, “Tsaya! Baba, saki!”

Ya saki, kwan ya koma ja. Na ce ya ja, ya ja, ya haska. Sau uku muna haka. Masu kallo suka ɗauki sowa, wani yana cewa, “Ya kama ɓarawon!” Ni kuwa kaina ya kumbura. Na dubi jama'a na ce, “Wuta ba ta yi mini ƙarya,” na kwanta a ƙasa na shige ƙarƙashin motar, filaya a hannu.

A bayan ƙugiya ta uku ta hagu na gan ta. Wata siririyar jar waya ce, ta bi ta lungun da igiya take zagayawa. Shekara da shekaru igiya tana danne ta a jikin kaifin ƙarfe, har robarta ta cinye, tagullar ta fito tana ƙyalli, ƙarfen wajen ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. In babu kaya babu ɗauri, wayar tana lilo abinta. In an ɗaure ta matsu, da an faɗa rami ta taɓa. Na ce a raina, wane jahili ne ya bi da waya ta nan? Na bi ta da yatsa ina neman inda ta fito, har na kai ga wani haɗi da ƙura ta rufe. Na goge shi da babban yatsa. Baƙin salatif ne, an ninke ƙarshensa ya yi ɗan kunne.

Nan take na tuna. Wajen shekara huɗu kafin nan, bawana ya roƙe ni in sa masa fitila a baya saboda lodin da kan kai magariba. Na ɗauko wutar daga layin makulli, na sa makunninta can baya kusa da fitilar. Hanyar da ta dace wayar ta bi sai an sauke tayar safaya, ranar kuwa Juma'a ce, an kusa shiga masallaci. Na ratsa da ita ta bayan ƙugiya, ko bututun roba ban sa mata ba, na ce zan dawo in gyara. Daga baya reshen bishiya ya fasa fitilar, aka cire ta aka yar. Wayar ta zauna a nan da wutarta, ni kuma na manta da ita sam. Sau uku ina bin wayoyin motar, amma waɗanda kamfani ya sa nake bi, ban taɓa zargin nawa ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi kwance a wajen ba. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe filaya. Kuma ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya zo mini da shawara mai sauƙi. Babu wanda ya ga haɗin nan sai ni. In datse shi in sa a aljihu, in fito in ce tsohuwar waya ce, ko aikin wani mai walda. Motar ta warke, a yabe ni, wataƙila ma Hajiya ta haƙura. Ina cikin wannan sai na ga ƙafafun bawana sun matso, ya tsuguna, hannun nan mai tsumma yana reto a gabana. Ya ce, “Ɗan kawu, ka ga wani abu?”

Na datse wayar tun daga tushe, na naɗe bakin da ya rage, na fito da ita har da haɗin. Na ja shi gefe na sa masa a hannunsa mai lafiya. Bai tambaye ni komai ba, don duk Rano babu wanda ya kai shi sanin kunnen nan. Ya daɗe yana juya shi da yatsa. Sannan ya rage murya ya ce, “Kada ka faɗa mata. Ka ce ɓera ne ya ci. Kai da sunanka kake ci, in maganar nan ta shiga tasha ba za ta fita ba.”

Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Ni na tsaya a gaban mutane na zubar masa da mutunci, shi kuma ga shi yana neman yadda zai rufa mini asiri. Sai na rufe shi da faɗa. Na ce, “Wa ya nemi shawararka? Sa fiyus mu tafi.”

A hanyar dawowa na ce kada ya kauce wa rami ko ɗaya. Ya bi da ita ta kowace gargada, buhuna suna kuka a baya, motar ko gezau. Muka shigo Rano bayan la'asar. Hajiya tana zaune a kan tabarma a ƙofar shagonta, ga masu sauke kaya, ga 'yan tasha biyu-uku da suka zo ganin yadda za a ƙare. Bawana ya kashe mota, ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye makullin a bakin tabarmar kamar yadda ta ce.

Na matsa na ajiye wayar kusa da makullin. Na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta ranar, don waɗanda suka ji waccan su ji wannan. Na ce, “Hajiya, kin tambaye ni motar ce ko direban, na ba ki amsar da ba ita ba. Ba motar ba ce, ba direban ba ne. Ni ne. Wayar nan ni na sa ta da hannuna, na bi da ita inda igiya take cin ta, na manta. Ita ta ƙona fiyus ɗin duka. Da bai fizge batir da hannunsa ba, da yanzu ba ki da mota.”

Hajiya ta sunkuyo. Ta ɗauki wayar ta kai kusa da idonta, ta taɓa ɗan kunnen. Ta ce, “Wannan kam na san shi. Har a jikin injin niƙana akwai irinsa.” Wani ya fara dariya, ta dube shi, ya haɗiye. Ta ɗauki makullin ta riƙe jim, sannan ta miƙo mini, ba shi ba. Ta ce, “Malam, bakinka ne ya karɓe masa. Kai za ka mayar masa.”

Na karɓa. Yana durƙushe, don haka ni ma dole na durƙusa, ni ɗan namiji, a gaban ɗan mace, a gaban 'yan tasha. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa hannun nan mai tsumma ya karɓa, na ga ya ɗan cije leɓe don zafi. Sannan ya dafa kaina da ɗaya hannun, ya ce da ƙarfi yadda har masu sauke buhu za su ji, “Allah Ya yi maka albarka, bawana.”

Aka kwashe da dariya, har Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa har yau ban nemi a dawo mini da sarautata ba.

Maganar ta shiga tasha kamar yadda ya faɗa, ta yi wata biyu ana yi mini ita. Wasu sun ɗauke motocinsu sun kai wani wuri, yawancinsu sun dawo, don har yanzu babu wanda ya fi ni bin shot a garin nan. Ban daina ninke kunnen salatif ba. Sai dai yanzu in mota ta gagara, nakan ce a kawo mini ita da kayanta a ɗaure, kuma haɗin da na fara kwancewa shi ne mai kunne.

Shi kuwa yana nan yana jan motar Hajiya. Hannun ya warke, amma ya bar tabo mai tauri a tsakiyar tafin. Kusan kullum yakan tsaya a rumfata in zai wuce, ya miƙo hannu mu gaisa, kuma duk gaisuwa sai na ji tabon a cikin tafina.